Yadda na gyara agogon sabar FreeBSD da ya ƙi saituwa a securelevel 2

Alhamdulillahi, ta warware. Sabar ofishinmu a Abuja ce, mai aiki da manhajar sarrafa kwamfuta ta FreeBSD: bayan an ɗauke wuta, inbata ma ta mutu, sai ta tashi agogonta na baya sosai, har takardun shaidar tsaro na TLS suka daina karɓuwa. Na zargi pf (katangar tsaro, wato firewall) da toshe UDP 123, ƙofar NTP mai saita lokaci ta intanet, na kuma sauya sabar NTP, duk ba su ba ne.

A dmesg (saƙonnin kernel, wato zuciyar manhajar) na ga "Time adjustment clamped to +1 second". Sai `sysctl kern.securelevel` ya nuna 2, wato matakin tsaron kernel yana kan 2. A wannan mataki kernel ba ya yarda a matsar da lokaci fiye da daƙiƙa 1, ko root (mai cikakken iko a sabar) ne. Kuma ba a sauke matakin sai an sake kunnawa, nan ne ciwon.

Na kashe ta, na sauya batirin CR2032 na allon kwamfutar (motherboard) mai riƙe agogo, shi ya ƙare. Sannan `sysrc ntpdate_enable="YES"`, don a daidaita agogo tun wajen tashi, kafin rc (tsarin tada sabar) ya ɗaga matakin. Na bar `kern_securelevel="2"`.

Kada a yi garajen zuwa 3: can dokokin pf ma ba sa sauyuwa, kldload (mai loda ƙarin sassan kernel) kuwa tun daga 1 ya mutu.