Yadda Ake Fara Zaman Natsuwa da Murya, Sannan a Koma Shiru

Duk wanda ya fara koyon halartar da hankali, wato ya zauna yana lura da numfashinsa da jikinsa da abin da ke kai-komo a zuciyarsa ba tare da ya bi shi ba, yakan ci karo da tambaya guda: in kunna murya a waya ta riƙa yi mini jagora, ko in zauna shiru ni kaɗai? Ra'ayina shi ne a fara da murya, amma kada a tare a wurinta. A makarantar allo malam ne ke biya wa yaro karatu, yaro na bi, sai ranar da zai koma gefe ya yi tilawa shi kaɗai. Wanda bai taɓa rabuwa da bakin malam ba, bai riƙe karatun ba tukuna.

Waɗanda suka shigar da wannan horo asibiti ma haka suka tsara shi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin rage damuwa na mako 8 a asibitin jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin masu fama da ciwo mai naci. A lokacin kowa yakan tafi gida da kaset na minti 45 ya riƙa bi kwana 6 a mako, amma wajen mako na shida akan ware yini guda a yi shi cikin shiru. Tushen abin daga mabiya addinin Buda na Asiya yake, shi kuwa ya cire masa ɓangaren bauta. A nan ina son a fahimce ni: wannan motsa hankali ne, ba ibada ba, kuma ba ya maye gurbin salla ko zikiri ko wuridi. In ka ji muryar da ka samo tana sa ka maimaita wasu kalmomin bauta da ba ka san ma'anarsu ba, bar ta ka nemi wata.

Abu na farko, tsai da lokaci da wuri. A Damagaram babu kamar bayan sallar asuba, kafin ƴan kabu-kabu su cika titi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Bayan abincin rana barci kawai za ka yi. Uwar gida kuwa ta nemi ɗan tsakanin nan kafin a hura wuta, ko bayan yara sun tafi lakwal. Tabarma ta isa, ko kujera. Baya a miƙe ba tare da ƙagewa ba, hannuwa bisa cinya, ido a rufe ko a sunkuye.

Na biyu shi ne zaɓen murya, kuma nan ne aikin yake. Yawancin waɗanda ke intanet da Faransanci suke ko Turanci. Akwai manhajar Petit BamBou ga masu jin Faransanci, akwai kuma da yawa a YouTube. Zaɓi ta minti 10, wadda mai magana ke yin shiru tsakanin jimla da jimla. Wadda ke zuba ba tsayawa, da kiɗa a ƙarƙashi, tana sanyaya rai, amma ba ta bar maka filin da za ka gwada hankalinka ba. Sauke ta cikin waya lokacin da rezo ke da kyau, sannan in za ka zauna ka rufe intanet. Saƙon WhatsApp guda ya isa ya watsa zaman.

Abin da na fi so ga wanda Hausa ce harshen tunaninsa shi ne ya naɗi muryarsa da kansa, ko ta wani da yake jin daɗin sauraro. Hankalin da ke fassara bai natsu ba. Buɗe abin ɗaukar murya, ka faɗi waɗannan a hankali, kana barin rabin minti ko minti guda bayan kowace: "Ji yadda jikinka ya taɓa tabarma." "Lura da iska tana shiga hanci, tana fita." "Kada ka gyara numfashin, bar shi yadda ya zo." "In hankali ya tafi, ka gane ya tafi, ka dawo da shi ba faɗa." Maimaita ta ƙarshen sau uku ko huɗu, don ita ce ginshiƙin horon. Hankali zai tafi kuɗin haya, zai tafi layin ruwa a famfo, zai tafi maganar da wani ya faɗa maka jiya a fada wurin shayi. Tafiyar ba laifi ba ce. Ganewa da dawowa su ne abin da ake koyo, kuma amfanin murya shi ne tana tuna maka kafin ka yi nisa.

Yi haka kullum kamar mako biyu. Akwai wani salo da ake bin jiki gaɓa-gaɓa daga yatsun ƙafa har ka, ana lura da zafi ko nauyi ko tsami a kowane wuri. Shi kam ka bar shi da murya ko da ka ƙware, don shi kaɗai mutum kan tsallake rabin jiki bai sani ba.

Na uku, ka fara yaye kanka. Kada ka kashe muryar rana ɗaya. In ta ƙare, kada ka tashi, ƙara minti 2 shiru. Bayan ƴan kwanaki ka mai da shi minti 5 da murya, 5 babu. Daga nan rana ɗaya da murya, rana ɗaya shiru, ka sa ƙararrawar waya mai taushi don kada ka riƙa leƙen agogo. A cikin shirun ka ba hankali abin riƙo: ƙirga fitar numfashi daga 1 zuwa 10, ka sake daga farko. In ka tsinci kanka a 16, ko ka manta inda kake, koma 1.

Za ka ga shirun ya fi wuya, kuma mutane da yawa a nan suke cewa abin bai karɓe su ba. Ba haka ba ne. Tunanin da ka ji ya yi yawa dama yana nan, murya ce ta rufe shi. Kuma shirun da ake nufi na bakinka ne da na waya, ba na gari ba. Ko a unguwar Birni kake ko ta Zango, akuya za ta yi kuka, injin niƙa zai tashi, mai talla zai wuce. Ka ce a zuci "ƙara", ka dawo numfashi. In tunani ne ka ce "tunani". Wannan ne ribar zaman shiru a kan murya: ranar da ranka ya ɓaci a tsakiyar Kasuwar Dole ta Damagaram, ba wanda zai raɗa maka a kunne cewa ka ja numfashi.

Don irin wannan lokaci akwai gajeren zama na minti 3 daga shirin da wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka tsara wa masu ciwon baƙin ciki mai dawowa. Minti na farko ka tambayi kanka me ke jikina da zuciyata yanzu, na biyu ka tattara hankali a numfashi, na uku ka buɗe shi ya game jiki duka. Ana yinsa a shago, a biro, ko a tasha ana jiran mota ta cika.

Komawa ga murya ba ci baya ba ne. Ranar gajiya, ranar rashin lafiya, ko bayan ka yi makonni ba ka zauna ba, kunna ta. Wanda kuma ya taɓa ganin tashin hankali mai tsanani, ko yake cikin sabon rashi, ko baƙin ciki ya hana shi ci da barci, kada ya fara da dogon shiru, domin yana iya taso da abin da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Ya tsaya ga gajeriyar murya, ido a buɗe. In ƙirji ya ɗaure ko tsoro ya taso, ya dakata, ya taka ƙasa da ƙafafunsa, ya dubi abubuwan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya. In abin ya maimaitu, ya je asibiti ya ga likita kafin ya ci gaba, kuma wanda ke shan magani kada ya ajiye shi don ya fara wannan zama.