Mota na shan ruwa: kurakuran da aka fi yi wajen neman yoyo da toshe shi

Tsohuwar mota ba ta shan ruwa haka kawai. Lagireto da tiyo-tiyonsa rufaffen zagaye ne. In lita guda ta ɓace cikin mako, akwai inda ta bi. Kuskuren farko shi ne a ajiye jarka a but, kullum da safe a zuba a wuce. Wata rana cikin cunkoso allurar zafi za ta haura ja, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, aikin da kilif ɗaya zai gama ya koma sauke kan inji.

Neman yoyo a inji mai zafi

Ƙaramin yoyo ba ya kaiwa ƙasa, yana taɓa jikin inji yake ƙafewa. Abin da yake bari shi ne busasshen ɓawo, fari ko kore ko ja-ja, a bakin tiyo ko gefen lagireto. Shi za a bi. Kuma inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya fito ba: fanka na watsa shi, yana gangarawa ta jikin ƙarfe. A fara daga wuri mafi tsayi da ya jiƙe, a sauko.

Hanya mafi tabbas ita ce famfon gwajin matsi, a inji mai sanyi. A ɗaura shi a wuyan lagireto, a buga zuwa lambar da ke jikin murfi, wato 0.9 ko 1.1 a yawancin tsofaffin Toyota da Honda, kada a zarce. A jira minti 10 zuwa 15. In allurar famfon ta sauka, a bi da tocila: tiyon sama da na ƙasa, ƙananan tiyo biyu masu shiga hita ta bayan inji, gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumama), da kwabbunan ƙarfen da ke toshe da jikin inji, waɗanda tsatsa ke hudawa. In kafet ɗin gaba ya jiƙe, ana jin ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, hitar ce ta fashe a ƙarƙashin dashbod. Farin ruwa maras wari da ke ɗiga bayan an kunna AC kuwa ba yoyo ba ne.

Raina murfi

Ruwa zalla na tafasa a 100°C. Murfin lagireto ne ke riƙe matsi ya kai shi kusan 120°C kafin ya tafasa. Da zarar robarsa ta tsage ko sifirin ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana malala ta robar ajiya, a yi ta duba tiyo ba a ga komai ba. An sauya lagireto da yawa alhali laifin murfi ne kawai. A sayi mai lamba daidai da na asali. Mai lamba sama da haka yana iya fasa tsohon tiyo.

Toshe ramin famfon ruwa

A ƙasan famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji akwai ɗan rami da kamfani ya huda da gangan. In ya fara zubda ruwa, alama ce sil ɗin ciki, wato abin da ke tare ruwa, ya mutu. Wasu su cusa gam su ce an gyara, ruwan ya koma cikin boris, famfo ya cije. A motocin da bel ɗin taimin ke juya famfon, irin Camry mai injin 5S-FE da Peugeot 406, a sauya famfo da bel a lokaci ɗaya, tunda kwancewar ɗaya ce, kuma ruwan da ya jiƙa bel ya riga ya rage masa kwana.

Ƙwai, garin kwaki da sabulu

Wasu kan zuba su a lagireto don tsayar da yoyo. Suna toshe ramin, gaskiya ne, har da ramukan da ba a so a toshe. Bututun lagireto da na hita sirara ne ƙwarai. Maganin toshe yoyo na gwangwani ma na kai mota gida ne, ba gyara ba. Haka shafa gam ɗin Araldite a kan lagireto mai kan roba: roba na buɗewa tana tsukewa da zafi, facin ba ya daɗewa. Na tagulla ana yi masa dalma ya zauna. Mai kan roba sai a sauya kan ko lagireton gaba ɗaya. In motar otomatik ce, a duba man giya bayan aiki, domin bututunsa na ratsa cikin lagireto. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga.

Cire tamostat

Wannan ya zama al'ada a garejinmu, da hujjar wai na ƙasar sanyi ne. Amma tamostat ba ya kawo yoyo, cire shi kuma ba ya toshe shi, yana ɓoye alamar ne kawai. A injuna da dama, in babu shi, wani ɓangare na ruwan kan kewaya cikin inji ba tare da ya bi lagireto ba. Da safe kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Gwajinsa ba wuya: a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta, na Toyota ya kamata ya fara buɗewa wajen 82°C. In bai buɗe ba, a sa sabo.

Ruwan rijiya

Ruwan rijiya da na burtsatse na barin farin ɓawo irin na gindin buta, ga tsatsa. Sau da yawa yoyon tsohuwar mota daga nan yake farawa. A wanke zagayen har ruwa ya fito garau, a zuba ruwan lagireto na kanti. In mai kauri ne a surka rabi da rabi da tataccen ruwa. Ƙaramar mota kan ɗauki lita 5 zuwa 7. Kada a gauraya iri biyu ko da launinsu ya zo ɗaya. Tsohon da aka zubar a kwashe shi a mazubi: yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da awaki da kaji.

Yanke wa gaskit hukunci

Nan ake asara ta fuska biyu: a sauke kan inji alhali tiyo ne, ko a yi ta sauya tiyo alhali gaskit ne. Alamun ƙonewar gaskit su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, kumfa na tasowa a wuyan lagireto ba yankewa, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da inji, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Ruwan gwajin hayaƙi na raba gardama: shuɗi ne, in ya koma rawaya, hayaƙi na shiga ruwa. In an sauke kan, a aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna. A yawancin Toyota lanƙwasar da ta wuce 0.05 mm sai an kai shi an goge. Notuna a ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa, da sifana mai auna ƙarfi.

Bayan kowane gyara sai an fitar da iska, in ba haka ba motar za ta yi zafi a ce aiki bai yi ba. A ɗaga gaban mota, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a bar inji na aiki murfi a buɗe har kumfa ta ƙare, fanka ta tashi sau biyu. Peugeot na da ƙananan sukurori na sakin iska, a buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa. Washegari da safe, inji na sanyi, a sake duba ruwa a cika. Murfin da ya yi zafi kuwa ba a taɓa shi sai an jira aƙalla minti 30, a rufa masa tsumma, a murɗa rabi iska ta fita tukuna.