Kurakuran da nake gani kullum a hannun 'yan sakandare masu koyon sana'ar kwamfuta

Duk dogon hutu iyaye sukan kawo mini yaransu shagona a Jos su koyi aikin kwamfuta, kuma kusan kullum da abu ɗaya muke farawa. Yaro ɗan aji biyar zai zayyana maka sassan kwamfuta tiryan-tiryan kamar karatun sallah, amma da ka miƙa masa sukurudireba ka ce ya ciro RAM, wato ɗan siririn falan da ke riƙe abin da kwamfuta ke aiki a kai, sai hannunsa ya kama rawa. Ba laifinsa ba ne. A allo aka koya masa kwamfuta, da alli, ɗakin kwamfutar makarantar kuwa na kulle don kada yara su ɓata. Wannan shi ne uban kurakuran, sauran duk 'ya'yansa ne. Gyaransa kuma ba ya buƙatar miliyoyi. Masu gyara a titin Ahmadu Bello suna da matattun kwamfutoci jibge da ba a yin komai da su. Malami ya samo biyu ko uku, yara su kwance, su ɗaure, su sake kwancewa. Abin da ya riga ya mutu ba a tsoron kashe shi, kuma gani ya kori ji.

Sai raina buga rubutu. Yaran yanzu da babban yatsa suka saba a waya, don haka suna ganin madannai ba abin koyo ba ne, su yi ta caka da yatsa biyu kamar kaza na tsince tsaba. Ka duba harafin F da J, za ka ji ɗan tudu a kansu. Nan ne mazaunin yatsun manuniya, sauran yatsu su jeru a gefensu, ido kuma ya tsaya a kan allon kwamfuta. Minti 15 kullum ya fi awa uku rana ɗaya a mako. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ɓata lokacinsa wajen kokawa da linzami, wato maus, alhali zai iya zaɓar amsa da A, B, C ko D, ya matsa gaba da N, ya koma baya da P.

Akwai abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Wata rana wani yarona ya buga katin biki ya rubuta "manyan baki" maimakon "manyan baƙi", sai da aka sake buga katin gaba ɗaya da kuɗinmu. Windows tana da tsarin madannan Hausa, ana ƙara shi a wurin zaɓen harshe, a Word ma ana iya ɗauko haruffan daga jerin alamomi. Wanda ya iya wannan, masu littattafan Islamiyya da na coci da masu katin biki za su riƙa nemansa.

A wajen gyara ne na fi daɗewa da su, don nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Yaro zai kashe kwamfuta ya zura hannu ciki bai zare waya daga soket ba, bai cire batir ba. A zare, a cire, sannan a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Sannan ga hunturun Jos. Iska ta bushe, kowa na sanye da rigar sanyi, jiki yana tara irin wutar nan da kake ji ta ɗan fizge ka idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar ta isa ta lalata RAM ba tare da ka ji komai ba. Ka taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka taɓa cikinta, ka riƙe RAM ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoranta masu ruwan zinare. Kafin ka kwance komai ɗauki hotonsa da waya, sukurori kuma a jera su kan farar takarda yadda aka ciro su, don dogon sukuru idan ya shiga ramin gajere yana iya huda babban falan kayan wutar da ke ƙasa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar fomatin, wato share duk abin da ke cikin kwamfuta a sake ɗora mata manhaja, a matsayin maganin kowace cuta. Kwamfuta na nauyi, a yi fomatin. Tana mutuwa da kanta, a yi fomatin. Wata ɗalibar jami'a ta taɓa kawo laftof ina waje, ta ce tana ɗaukewa bayan ɗan lokaci. Kafin in dawo yaron ya share komai, har da aikin bincikenta na shekarar ƙarshe. Ta tsaya a bakin shago tana kuka, shi kuma yana cewa, "Malam, wallahi taimaka mata na so yi." Da muka buɗe, ashe ƙura ce ta toshe fanka kamar an cusa auduga, zafi ne ke kashe ta. Buroshi da iska kawai take bukata. Mun ceto wani ɓangare na aikin, ba duka ba. Tun daga ranar doka ce a wurina: a fara tambayar mai kaya yaushe matsalar ta soma da abin da ya faru kafin nan, a duba caja da soket da fanka, a kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, sannan a yi maganar fomatin, shi ma sai da yardarsa.

Ƙananan kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. A riƙa danna Ctrl da S a kai a kai ana adana aiki, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Filashin da ya zaga shaguna goma a bincike shi kafin a buɗe. Hotuna da kalmar sirrin mai kaya amana ce, ba a leƙawa, ba a kwafa, kuma yaron da na kama yana yi ranar zai bar shagon.

Iyaye ma suna da nasu. Uba zai ce mini, "Malam, wata nawa zai yi ya karɓi satifiket?" Takarda tana da amfani, musamman ta hukuma kamar NABTEB da aka kafa a 1992 don jarrabawar fasaha da kasuwanci, ga kuma ITF da hedikwatarta ke nan Jos ɗinmu tana horar da masu sana'a tun 1971. Amma mai shagon da zai ɗauki yaronka ba takarda zai fara kallo ba. Kebur ɗin intanet zai miƙa masa ya ce ya haɗa kansa, ya ga ko ya san jerin launukan wayoyi takwas ɗin nan, ko ya buɗe Excel ya ce ya haɗa lissafin cinikin mako. Haka kuma a daina son yaro ya haɗiye gyara da zane da rubuta manhaja duk a wata uku. Ya kama ɗaya ya iya shi tukuna.

'Yan mata kuma a daina tura su teburin buga takardu kawai. A hutun da ya wuce, wadda ta fi kowa natsuwa wajen canja allon laftof yarinya ce 'yar aji huɗu. Da farko mahaifinta ya ce rubutu kaɗai za ta koya, sai da na roƙe shi ya ba ta mako biyu a teburin gyara. Yanzu ita nake sa wa ta nuna wa sababbi yadda ake zare siririyar igiyar allo ba tare da ta yage ba.