Gora, zaren gilashi ko zaren kabon: yadda za ka zaɓi sandar jefa ƙudan bogi

A kamun kifi da ƙudan bogi, abin da ke bakin ƙugiya gashin tsuntsu ne da zare, ba shi da nauyin da zai ja igiya zuwa nesa. Igiyar ce mai nauyi, aikin sandar kuwa ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyinta, sannan ta miƙe ta harba ta. Don haka abin lura a kowace sanda shi ne inda take lanƙwasa da saurin miƙewarta, kuma abin da aka yi ta da shi da yadda aka ƙera ta su ke yanke wannan.

Fara da lambar da ke rubuce sama da mariƙi. Lamba ce ta nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar da ta dace da sandar: lamba 3 wajen giram 6.5, lamba 5 wajen giram 9, lamba 8 kusan giram 13.6. In ka ɗora igiya mara nauyi a sanda mai ƙarfi, ba za ta lanƙwashe ba, jifa zai mutu a gabanka. In ka yi akasin haka, sandar za ta yi laƙwas. Kada ka kwatanta sanduna biyu sai lambarsu da tsawonsu sun zo ɗaya.

Zaren kabon shi ya mamaye kasuwa tun da kamfanin Fenwick na Amurka ya fito da irin wannan sanda a 1973. Ana yanka shimfiɗar zaren da aka jiƙa da gam, a naɗe ta a jikin ƙarfe mai siriri a gaba, a ɗaure da tef, a gasa, a zare ƙarfen, a bar bututu. Sanda mai ƙafa 9, lamba 5, gaɓa huɗu, ba ta cika wuce giram 100 ba, tana miƙewa da sauri, tana keta iska. Masu talla suna son ambaton tsaurin zaren, amma ga yadda abin yake: zare mai tsauri yana ba maƙeri damar rage kaurin bangon bututun, sandar ta yi sauƙi, sai dai bango siriri ba ya jure duka. Ƙuda mai kan ƙarfe ya bugi sandar a lokacin jifa, zai bar tabon da ido ba ya gani, bayan mako guda ta karye a daidai wurin kana tsaka da jan kifi. Kuma kabon yana ɗaukar lantarki. Da ka ji tsawa, ko ka ga wayar wuta a samanka, kwantar da sandar.

Zaren gilashi ya girme shi, tun ƙarshen shekarun 1940 ake sanduna da shi, kuma hanyar ƙirar ɗaya ce. Ya fi nauyi, ya fi laushi, yana lanƙwasa har kusa da mariƙi. Wannan laushin ne amfaninsa: yana kare siririn zaren da ke ɗaure da ƙuda idan kifi ya fizga, kuma sandar tana ɗaukar nauyin igiya ko da ƙafa 15 kawai ka fitar. Yana shan wuya bai karye ba. A ƙaramin rafi mai bishiyoyi, sandar gilashi mai ƙafa 7 zuwa 8 ta fi ta kabon daɗin aiki. Da ta haura haka, nauyin gaba zai gajiyar da wuyan hannu, iska kuma ta fi ƙarfinta.

Gora aikin hannu ce. Irin da ake nema ita ce gorar Tonkin da ke fitowa a kudancin Sin, saboda jijiyoyi masu ƙarfi da suka cunkushe ƙarƙashin ɓawonta. Ana tsaga ta, a daidaita gaɓoɓi, a gasa don fitar da danshi, a fere tsage shida kowanne mai kusurwa uku na digiri 60, sannan a manne su su zama sanda mai gefe shida. Ana fere cikin ne kawai, a bar gefen ɓawo, domin can ƙarfin yake. Idan kana duba ta gora, juya ta a haske ka bi layukan gam: layi mai duhu ko rata alama ce tsagen bai zauna ba. Duba kuma gaɓoɓin gorar, kada su haɗu a wuri ɗaya a tsage biyu da ke maƙwabtaka, don nan ne rauni. Gora ta fi duka nauyi da tsada, kuma tana son kulawa. Ka ajiye ta da jiƙa ko ka jingine ta a bango, za ta karkace. Fentin ƙyallinta ya tsage, ruwa ya shiga. Shi ya sa ake yawan sayar da ita da kai biyu, a riƙa musanya su.

Mahaɗa, wato inda gaɓoɓin sanda ke haɗuwa, ita ce wurin da sanda mai kyau ke bambanta da ta banza. A yawancin na kabon, gaɓar sama ce ke shiga kan ta ƙasa kamar hula. Wasu, musamman na gilashi, suna da ɗan turke da aka manne a gaɓar ƙasa. A irin wannan dole a ga rata ta kusan rabin inci bayan an haɗa, an bar ta ne don cin da turken zai yi, kada ka danna sai ta rufe. Ta gora mahaɗar ƙarfe ce, ana turawa a miƙe, a zare a miƙe, murɗawa tana ɓata gam da ƙarfen. Haɗa sandar ka kaɗa ta a hankali. In ka ji ƙas-ƙas, mahaɗa ta yi sako-sako, kuma mahaɗa mai sako-sako ita ke tsage bakin bututu. A ta kabon da gilashi, goga ɗan kakin kyandir, kuma ka sake matse gaɓoɓi bayan kowace awa ta jifa.

Zobban da igiya ke bi ta ciki su kai goma a sanda mai ƙafa 9, ban da na kai. Hango su daga gindi, su jeru a layi ɗaya. Zaren da ya ɗaure ƙafafunsu ya rufu da gam ba kumfa, ba kuma tulin da zai ƙara wa kai nauyi. A mariƙi, karce kok, wato ɓawon itace mai laushi da aka yi mariƙin da shi, da farce: in gari mai launin ƙasa yana fita, cike ramuka aka yi, zai zube bayan 'yan watanni. Mazaunin faifan naɗe igiya, idan na katako ne, na ruwan daɗi ne; ruwan gishiri sai alminiyom mai rufi, a kuma wanke da ruwan daɗi bayan kowace fita.

Kafin ka biya, zura igiya ka jefa a tazarar da za ka riƙa kamun kifi, ba iyakar nisan da za ka iya ba. Babban kogi, iska, ƙuda mai nauyi ko teku, ɗauki kabon. Ƙaramin rafi da hannun ɗan koyo, gilashi. Kowacce ka ɗauka, idan kifi ya iso ƙafarka kada ka ɗaga sandar tsaye cak: nauyin duka zai koma kan siririn kai, kuma ƙafa ɗaya ta ƙarshe ce ke ɓallewa. Riƙe ta a karkace, gindin ya ɗauki nauyin, ka sa koma.