Yadda Ake Tsara Tsakar Gida Mai Sirri, Wadda Ba Ta Cin Wahalar Kulawa

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa ciyawa kore shar a tsakar gidansa ya san yadda labarin yake ƙarewa. Watanni biyu na farko abin gwanin ban sha'awa. Daga nan sai ban ruwa safe da yamma, sai yanka duk mako, har wurin da aka tanada domin hutawa ya koma gona. Ni a ganina matsalar tana farawa ne daga inda ake soma aikin. Mutane kan soma da sayen tsirrai, alhali kuwa kamata ya yi a soma da kujera.

Mataki na farko, ɗauki kujera ka zauna a filin. Yi haka kwana uku ko huɗu, da safe, da rana tsaka, da kuma la'asar. Lura da inda inuwa take faɗawa, da inda iska take shigowa, sannan ka ɗaga kai ka duba ko ta ina ido zai iya kaiwa gare ka: tagar benen maƙwabci ce, ko ramin ƙofa, ko wata kusurwa da katanga ta yi ƙasa? Idon mutum a zaune bai fi mita 1.2 daga ƙasa ba, don haka abin da kake buƙatar tarewa ya fi ƙanƙanta a kan yadda kake zato. Na ga gidan da aka ƙara wa katanga layin bulo uku ko'ina, aka toshe iska, amma tagar da ake gudu tana nan tana kallon wurin zama, domin daga sama take. Da an yi rumfa guda a kan kujerun, da ta gama maganar. Idan ka gano wurin da ya fi maka daɗi, kafa turaku ka zagaye shi da igiya. Komai zai biyo bayansa.

Na biyu, kafin diga ta taɓa ƙasa, ka san inda bututun ruwa da wayar lantarki da ramin masai suka bi. Ka kuma tambayi dokar gini ta yankinku game da tsawon katanga, ka yi magana da maƙwabci idan iyaka ɗaya kuke.

Na uku shi ne ruwan sama, kuma nan ne ba a son gaggawa. Daɓen ya gangara daga jikin ginin zuwa magudana, kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya. Ido ba zai ga gangaren ba, amma ruwa zai gani. Gwada shi da bokiti: kwara ruwa ka tsaya ka ga inda ya nufa. Duk inda ya kwanta, gyara wurin tun yanzu, domin ruwan da ya kwana mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, kuma babu mai zama a wurin da sauro ya riga shi.

Na huɗu, abin da za a taka. Tebur da kujeru huɗu suna son fili aƙalla mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, a bar wajen santimita 90 a bayan kowace kujera don a iya jan ta baya. A nan a sa daɓe mai ƙarfi, siminti ko tubalin intalok, mai haske-haske, saboda baƙin daɓe yana shan zafin rana ya riƙa amayar da shi har dare. Sauran filin kuwa, tsakuwa na fi so. A haƙa kamar santimita 15, a daddale ƙasar, a shimfiɗa yadin nan mai hana ciyawa tsirowa wanda ruwa ke ratsawa, a zuba fasasshen dutse santimita 10 a sake daddalewa, sannan a rufe da tsakuwa santimita 5. Zaɓi tsakuwa mai kaifi-kaifi, wadda take cije juna; mai santsi kamar ta rafi gudu take yi ƙarƙashin ƙafa. Kada a manta da yi mata baki da bulo, in ba haka ba cikin wata guda za ka tsince ta a ƙofar ɗaki.

Na biyar, kariya daga ido. Abin da aka kafa kusa da mai zama ya fi tare gani a kan wanda ke can nesa. Allon katako mai ramuka, tsawon mita 1.8, a gefen da ake hangowa, ya wadatar, kuma yana barin iska ta wuce. Idan aka ɗora masa tsiro mai yaɗo kamar bugenbiliya, wadda ke jure fari, cikin shekara biyu zai rufe ruf, sai dai tana da ƙaya, a nisanta ta daga hanyar yara. Gora tana saurin tashi, amma irin mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa tana iya ɓullowa a gidan maƙwabci. A nemi irin mai tsirowa dunƙule wuri ɗaya, ko a dasa ta a babban mazubi.

Na shida, tsirrai, kuma kaɗan. Tun a 1981 hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka ta fito da tsarin lambu mai tattalin ruwa, wanda ginshiƙinsa shi ne a rage ciyawa, a zaɓi tsirran da suka saba da yanayin wurin, a kuma haɗa masu shan ruwa iri ɗaya a gefe guda. Iri huɗu ko biyar da aka maimaita sun fi iri ashirin kyau da sauƙin riƙo. Kafin ka ɗauki dashen bishiya, tambayi girman da za ta kai da abin da take zubarwa. Mai yawan kakkaɓe ganye ko 'ya'ya a kan tsakuwa aikin shara ne na kullum. A dasa ta nesa da gini, aƙalla rabin faɗin da rassanta za su kai in ta girma, saboda saiwa. Gindin tsirrai a lulluɓe shi da ɓawon itace ko busasshen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa karan ba. Yana riƙe danshi, yana kuma danne ciyawa. In da hali, a ja siririn bututu mai ɗiga ruwa a gindin kowane tsiro, a haɗa shi da agogon da ke buɗe famfo da kansa.

Fitilu biyu ko uku masu cajin hasken rana, a ƙasa-ƙasa suna haska hanya, sun isa. Fitila mai ƙarfi a saman kai nuna ka take yi ga na waje. A tanadi akwati mai murfi don matasai da tsintsiya.

Shekarar farko ce kawai za ta nemi haƙurinka, domin ko tsiro mai jure fari sai an shayar da shi kafin ya kama ƙasa. Ba shi ruwa sosai har ya ratsa can ƙasa, sannan ka bar shi kwanaki. Kafin ka sake, tura yatsa cikin ƙasar: in da sauran danshi, bar famfon a rufe.