Yadda ake bin matakan gyaran zuciya daki-daki

Malaman tasawwufi sun kasa rai mataki bakwai: ammara, lawwama, mulhama, muɗma'inna, raliya, marliyya da kamila. Mafi yawan sunayen daga Alƙur'ani aka ɗauko su. Ammara tana Suratu Yusuf aya ta 53, lawwama tana Suratul Ƙiyama aya ta 2, muɗma'inna da biyun da ke bin ta suna ƙarshen Suratul Fajri. Sai dai yawancinmu tsakanin na farko da na biyu muke kai da komowa, don haka a nan aikin yake.

Fita daga ammara, wato ran da ke umurni da mugun aiki, tuba ce ƙofarsa. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san sharuɗɗanta: nadama kan abin da ya wuce, niyyar ba za a koma ba, da barin saɓon nan take. Idan akwai haƙƙin wani, sai an mayar. Ka ɗauki takarda ka rubuta basussukan da ke kanka kashi biyu, na Allah da na mutane. Na mutane ya haɗa da kuɗin adashin da ka ci ka yi shiru, tauye mudu, gadon marayu, da mutuncin wanda ka ci namansa. Kuɗi a mayar da shi ga mai shi ko magadansa. Zancen gulma kuwa yana son dabara, domin idan zuwa ka faɗa masa abin da ka ce zai hura wuta, ka nema masa gafara, ka kuma faɗi alherinsa a majalisar da ka ɓata shi.

Na Allah, salla ce kan gaba. Ahalari ya ce wanda ke rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Sallah 25 ke nan, kuma da wannan lissafin bashin shekara guda ta Hijira, mai kwana 354, zai ƙare cikin kwana 71. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rama na yini guda bayan kowace farilla. A nan mutane da yawa ke kuskure: sai ka ga mutum da bashin sallar shekara uku a wuyansa, amma ya duƙufa kan walha da dogon carbi. A mazhabar Malikiyya mai bashin farilla ba ya shagala da nafila, in ban da irin su shafa'i da wutiri, raka'o'in alfijir da sallar idi.

Da ka soma jin zafin laifi bayan ka aikata shi, ka shiga lawwama, rai mai zargin kansa. Nan ne zango mafi tsawo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara masa aiki shida a littafinsa Ihya'u. Bayan sallar Asuba ka gindaya wa ranka sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ka yi masa hisabi. Idan ya karya sharaɗin ka hukunta shi, ka tilasta masa abin da yake ƙi, ka kuma yi masa faɗa.

Sharaɗin ya zama ɗaya tak, kuma wanda za a iya aunawa. "Zan zama mutumin kirki" ba sharaɗi ba ne. "Yau ba zan ambaci wanda ba ya nan da abin da zai ƙi ba" shi ne sharaɗi. Hisabin dare minti goma ya isa, kafin ka ɗauki waya. Ka tambayi kanka sau nawa ka karya, a ina, da wa kake zaune. Bayan mako biyu za ka ga laifin yana da wuri da lokaci, ko teburin mai shayi bayan Isha, ko wani zauren WhatsApp. Sauya wurin ya fi sauƙi a kan yaƙi da harshe kana zaune a cikinsa. Hukuncin kuma ya zama mai ɗan ciwo amma halal, kamar sadakar da za ka ji fitarta ko azumin Litinin. Ban da cutar da jiki, ban da ƙuntata wa iyali. Kada ka ɗauko hali na biyu sai na farko ya kwanta.

Zikiri kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da ake watsarwa, kamar yadda hadisin Nana A'isha ya nuna. Istigfari 100 a yini ya tabbata daga Annabi (SAW), daga nan za ka fara. Lazimin Tijjaniyya, wato istigfari 100, salati 100 da hailala 100 safe da yamma, da izinin muƙaddami ake karɓarsa, kuma wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin ramawa idan ya kuɓuce masa. Haka wuridin Ƙadiriyya yake da nasa izinin.

A mulhama, mataki na uku, wato ran da ake yi wa ilhami, ibada takan soma daɗi, hawaye su zo, a yi mafarkai. Haɗarinta ujubu ne, wato jiji da kai, da riya. Alamar sun shigo ita ce ka fara ƙirga wanda bai zo jam'i ba, ko ka ji kana son a san ka tashi tsayuwar dare. Maganinsa ɓoye wani aiki da ba wanda ya sani ko da matarka, da kai mafarki gaban malami mai ilimin shari'a maimakon ka fassara wa kanka. Duk wani ilhami da ya saɓa wa hukuncin fiƙihu, a jefar da shi.

Matakai huɗun ƙarshe ba mutum ne ke ba kansa shaidarsu ba. Muɗma'inna, wato rai mai natsuwa, ana ganinta ne ranar da kaya suka yi asara ko aka yi rashi, mutum ya yi baƙin ciki amma sallarsa da harshensa ba su canza ba. Idan kana son sanin inda kake, tambayi yaron shagonka ko wanda kuke gida ɗaya ko fushinka ya ragu daga bara zuwa bana.