Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton kayan tsohuwar kwamfuta daga kusa

A shagunan masu gyara a Maradi har yanzu ana tarar da kwamfutocin zamanin disket jibge a lungu, ƙura ta lulluɓe su. Matasa sun fara ɗaukar hotonsu da waya, kuma na ji daɗin haka, domin da zarar masu sayen ƙarfe a kilo sun kwashe su, shi ke nan. Abin da ke damuna shi ne yawancin hotunan ba a iya karanta rubutun jikin kayan, alhali rubutun nan ne ke faɗin ko mene ne abin da shekarunsa.

Filashin waya ne ya fi ɓata aiki. Allon cikin kwamfuta yana da sheƙi, ga dalma ko'ina, haske ya doke shi kai tsaye sai ya dawo cikin kyamara, wurin ya yi fari fat. Kashe filashin. Ka ajiye allon a bakin taga ko ƙofar zaure da hantsi, haske ya shigo ta gefe yana shafar samansa. Nan da nan rubutun kan baƙaƙen cif ɗin, wato ƙananan kayan lantarkin da ke manne a allon, zai fito. Sau da yawa za ka ga lamba huɗu, kamar 9432, wato an ƙera cif ɗin a mako na 32 na shekarar 1994. Idan ɗaya gefen ya yi duhu, tsayar da farar takarda ta mayar da hasken.

Kada kuma ka fitar da allon tsakiyar rana. Akwai cif mai suna EPROM, mai ƴar tagar gilashi a tsakiya da aka liƙe da takarda. Wasu na ɓare takardar don hoto ya yi kyau, ba su san hasken rana na kwanaki yana goge bayanan da ke ciki ba. Bar ta a inda take.

Sai matsowa fiye da kima. Kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya gani tar. Ka wuce shi, komai sai ya dushe. Ja da baya kaɗan ka ninka girman sau biyu, ka sa waya daidai da shimfiɗar allon, ba a karkace ba. Ɗora ta kan littattafai, ka saita ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, don rawar hannu tana fitowa sosai a hoton kusa.

Ƙura kuwa, burushi mai laushi ya isa, ban da jiƙaƙƙen tsumma ko hurawa da baki. Lokacin hunturu iska ta bushe, jiki na tara wutar da ke kashe cif, don haka ka riƙe allon ta gefensa. Koriyar tsatsar da batir ya zubar a allunan tsofaffin kwamfutoci samfurin 386 da 486, ɗauki hotonta kafin a goge, mai gyara zai buƙace shi.

Tsohon allon kallo mai ƙaton baya, kada ka buɗe shi don neman hoto: yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an cire shi daga soket. Ka kuma riƙa ajiye kuɗin ƙarfe na dala ashirin kusa da abin da kake ɗauka, mai kallo ya gane girmansa.